Turmi Ɗaya na Hajiya Cima

Gwallaga, Bauchi.

Zuwa ga ɗana Nasiru,

Assalamu alaikum. Da sunan Allah nake farawa, Shi nake roƙo Ya sauke ka Maraɗi lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin mutum da sharrin bakinka. Na sa wannan takarda a cikin sallayarka, a ƙasan jaka, don ka gan ta lokacin da ka tashi yin salla a masauki. Idan ka kwana biyu ba ka gan ta ba, to wannan ma wata magana ce da za mu yi da kai.

Na zaɓi rubutu ne don na san halinka, na kuma san nawa. Idan ina magana idonka yana kan waya, kana ta "to Inna, to Inna," ni kuma raina ya ɓaci in koma faɗa, abin da na yi niyyar faɗa ya tsaya mini a wuya. Karatun sakandaren da mahaifina ya sa ni bai kai ni ofis ba, amma ya bar mini alƙalami, yau ga ranarsa.

Ba labarin gida zan ba ka ba, ka san gidan. Mahaifinka ya riga mu, Allah Ya jiƙansa. Yayyenka kowacce tana ɗakinta. Kai ne auta, kai ne ka rage kana buga mini ƙofa da ƙarfi ina yi maka tsawa, yanzu ga shi ƙofar za ta huta. Maigidanka ya zaɓe ka ka zauna masa a can, kana saya masa wake da albasa, kana sayar masa da citta da manja. Wato za ka ci bashi a ƙasar da ba taka ba, za a kuma ci naka. Shi ya sa zan gaya maka abin da na aikata da hannuna, don ka ji daga bakina kafin ka ji daga bakin mutanen Maraɗi.

Sai na fara da kakanka, don ba za ka gane girman wautata ba sai ka san cewa an nuna mini hanya tun ina yarinya.

Baba tela ne a kasuwar Wunti. Keken ɗinkinsa ya karɓe shi ne bashi a wajen wani ɗan kasuwa mutumin kudu, sunansa Okeke. Mu yara muna ce masa Okeke mai keke, yana bin mu da gudu yana cewa zai ɗinke mana baki. Baba yana biyansa kaɗan-kaɗan, bai gama ba gari ya rikice. Mutanen kudu suka tattara abin da za su iya ɗauka suka tafi, aka shiga yaƙin basasa. Ina tuna maƙwabtan Baba suna zama a bakin shagonsa suna ce masa, "Malam, kai ka huta. Yaƙi ya cinye bashin nan. Mutumin da 'yan'uwansa ke harbin 'ya'yanmu, shi za ka tara wa kuɗi?" Baba bai cika magana ba. Ya ce, "Keken dai bai harbi kowa ba, kullum shi ke ciyar da ni." Ya ci gaba da ware kuɗin Okeke gefe. Da aka canza takardun kuɗi ana cikin yaƙin, ya je ya bi layi ya canza na Okeke daban, nasa daban.

Bayan an gama, sai ga Okeke ya dawo. Da ƙyar muka gane shi. Ya rame, matarsa ba ta dawo tare da shi ba, ba wanda ya tambaye shi dalili. Baba ya shigar da shi zaure, ya ajiye masa kuɗinsa. Ina laɓe ina kallo. Okeke ya daɗe bai taɓa ba. Da ya ƙirga, sai ya zare sule biyar ya tura wa Baba. Baba ya ce, "Naka ne, ai ba su wuce ba." Okeke ya ce, "Na sani, Malam. Riƙe shi. Idan na karɓa duka, me zai kawo ni gidan nan gobe?"

Tun daga ranar, duk Salla sai Okeke ya zo ya tsaya a ƙofa yana ɗaga murya, "Ina mai bashi? Na zo karɓar kuɗina!" Baba ya ce, "Yau babu canji, sai baɗi." A kawo masa tuwo da nama ya ci ya tafi. Haka suka tsufa. Ranar da Baba ya rasu, da aka fito da shi ƙofar gida liman ya yi tambayar da ake yi, ko akwai wanda yake bin mamaci bashi, mazan gidanmu sun ba mu labari cewa Okeke yana can gefe da hularsa a hannu. Ya matso ya ce, "Ni ina bin shi sule biyar. Na yafe." Ya juya ya tafi yana kuka kamar yaro.

Na ga wannan da idona, Nasiru, wanda ban gani ba an ba ni labari da ɗuminsa. Ba ni da uzurin rashin sani.

Hajiya Cima ka san ta, ita ce mai aiko maka da cuku da dabino kana ƙarami, kana ce mata Innar Maraɗi. Mun haɗu ne a Kano, a gidan wani fatoma da ke saukar da mata 'yan kasuwa. Aka haɗa mu ɗaki ɗaya, ruwan sama ya zo, rufin yana yoyo ta gefena. Ta ja tabarmarta ta ce, "Matso nan, 'yar Ingilishi, kar ki jiƙe ki ce mutanen Faranshi ba su da kirki." Na ce, "Ai ku ko Hausar ma ba ku iya ba, komai sai ku ce tahi, hita, lahiya." Ta ce, "Mu muka haihi Hausar, ku kuka ɓata ta da Turanci." Kafin gari ya waye mun zama ƙawaye.

Daga nan muka fara ciniki. Ita tana saro atamfa daga Kwatano, a wajen wani babban ɗan kasuwa da ke ba ta bashi, ta aiko mini Bauchi ni ma bashi. In sayar a shagona na Wunti, in aika mata da kuɗi, wani lokaci in haɗa da citta da kwanuka ta sayar a can. Ranar farko da na zo biyanta na ƙirga mata kuɗinta daidai, sai ta ware kuɗin turmi ɗaya ta mayar mini. Ta ce, "Wanga ciko ne, ƙawa. Ki bar shi wurinki, don hanya kar ta mutu." Na yi dariya na ba ta labarin Okeke. Ta ce, "To ashe ke 'yar gado ce."

Haka muka yi shekaru masu yawa. Farashin atamfa ya tashi, ya sake tashi, amma ciko yana nan, turmi ɗaya. Duk sanda ta kira ni abin da take fara cewa shi ne, "Ina mai cin bashi? Ina turmina?" In ce, "Yana nan yana haihuwa." Ta zo bikin yayyenka duka. Da mahaifinka ya rasu, ta rufe shagonta ta zo ta zauna da ni har aka yi bakwai, ita ke tilasta mini shan kunu. Ban taɓa samun 'yar'uwa mace ba, Allah Ya ba ni ita daga wata ƙasa.

Sai abin nan ya faru da ka sani. Sojoji suka karɓi mulki a can, manyan ƙasashen yankinmu suka ce ba su yarda ba. Aka rufe iyaka, aka yanke musu wutar lantarkin da ke zuwa daga wajenmu, rediyo kullum maganarsa ɗaya, za a tura sojoji ko ba za a tura ba. Allah Ya kiyaye, ba a gwabza ba. Amma ka sani, yaƙi ba ya jiran a harba bindiga kafin ya fara aiki. A kasuwa yake fara sauka, a bakin mutane, da cikin aljihunsu.

A baki na fara ɓata lamarin. A Wunti kullum ana taruwa a bakin shaguna ana cika baki. Wannan ya ce ai mu ke ciyar da su, wancan ya ce in muka rufe musu mako guda sai sun zo suna roƙo. Wasu suna tsawatarwa suna cewa 'yan'uwanmu ne, amma ni na fi jin daɗin masu cika bakin, don magana ce mai sa mutum ya ji shi wani ne alhali yana zaune a kan benci. Wata rana Cima ta kira, muryarta a gajiye. Ta ce, "Ƙawa, muna cikin duhu. Ba kuran, zahi ya hana jikokina barci, abin da ke cikin firiji duk ya lalace." Kuran suke ce wa wutar lantarki, na saba yi mata dariya a kan kalmar. Sai na ce, "To ku da ko wutarku tamu ce, me ya kai ku ɗaga mana kai?"

Wasa na nufa, irin wanda muka saba. Amma ba ta yi dariya ba. Sannan ta ce, "Ni na ɗaga maki kai, ƙawa?" Na ce, "Ke ma kin san wasa nake." Ta ce, "Na sani," muka yi sallama.

Ka ji ni da kyau. Wasan da ke tsakanin mutanenmu da nasu yana da daɗi ne lokacin da kowa ya ƙoshi. Ranar da ɗaya yake cikin duhu ɗaya yake cikin haske, wannan wasan ya zama gori. Za ka zauna a cikinsu, za a taɓa ƙasarka a gabanka, wani lokaci da gaskiya wani lokaci da ƙarya. Ka kama bakinka. Ba a tura ka jakada ba, wake aka tura ka saye. Masu rigimar nan na sama, gobe za ka gan su a talabijin suna rungumar juna suna murmushi. Kai da ka zagi maƙwabcinka don su, ba wanda zai zo ya sasanta ku.

Abin da ya biyo baya ya fi wannan muni. Kafin a rufe iyaka, Cima ta aiko mini da kaya masu yawa, fiye da yadda ta saba, don ana tunkarar lokacin bukukuwa. Da aka rufe, atamfa ta yi wuya a Bauchi, farashi ya haura. Na sayar da kayanta tas, na ci ribar da ban taɓa ci ba. Kuɗinta yana hannuna. Maƙwabcin shagona mai sayar da leshi ya ce mini, "Hajiya, wa ke biyan bashi ana shirin yaƙi? Riƙe abinki ki juya. In an gwabza, wa ya san wanda zai rage?" Kalmomin da aka faɗa wa Baba a wannan kasuwar, su aka maimaita mini. Shi ya ture su, ni na karɓa.

Ban ce zan cinye ba, kada ka ɗauka uwarka ɓarauniya ce. Cewa na yi hanya a rufe take, banki ba ya aikawa, sai an buɗe. Alhali na san masu canji na Kano suna nan suna aikinsu, ka ba su naira a nan, ɗan'uwansu ya ba da sefa a can kafin la'asar. Na san hanyar kamar yadda na san hanyar masallacin unguwarmu. Amma na sa kuɗin a shinkafa na juya, na sake juyawa, ina gaya wa kaina ajiya nake yi mata.

Abin da ban tsaya na duba ba shi ne, ni ba ni kaɗai ba ce a kan igiyar. Ina riƙe da na Cima, Cima tana riƙe da na mutumin Kwatano, shi ma akwai wanda ya ba shi daga bayan teku. Ta ɓangaren Kwatano ma an rufe musu iyaka, sabon kayanta yana tsare a hanya, ga tsohon bashi yana jiranta. Ni ina Wunti ina lissafin riba, ita tana Maraɗi ana aiko mata da manzo safe da yamma. Kuma kullum na jinkirta, naira tana ƙara faɗuwa a kan sefa, kuɗin da ke hannuna yana raguwa a idonta ko da ban taɓa shi ba.

To ka riƙe wannan. Ranar da aka ce ƙasa da ƙasa sun ɓata, ranar ce za ka fi gaggawar sauke nauyin wanda yake ɗaya gefen, don ranar ce ba shi da alƙalin da zai kai ka, ba shi da ɗan sandan da zai turo maka, ba shi da kowa sai tsoron Allahn da ke zuciyarka. Duk wanda ya ce maka yaƙi yana cinye bashi, ka dube shi da kyau, don ranar da kai da shi kuka ɓata, haka zai yi da naka. Kuma abin da aka ba ka da sefa, ka biya da darajar sefa. Kada ka ɓuya a bayan faɗuwar naira ka miƙa wa mutum rabin haƙƙinsa kana cewa adadi ya cika. Malamai na iya yi maka dogon bayani a kai, ni uwarka ce, na ce kada ka yi.

Yanzu ga wanda ya hana ni sakewa har yau. Wata rana da hantsi ina shago ta kira. Ba ta ce "ina mai cin bashi" ba. Ta gaishe ni, ta tambayi lafiyarka, ta yi ta kewaye-kewaye. Sannan ta ce, "Ƙawa, mutumin Kwatano shina matsa mani ƙwarai. In da hali, ko rabi ne." Ta ƙara da cewa, "Kuma ki yi haƙuri, lissahin sai da sefa, kin ga taku ta faɗi."

Gaskiya ta faɗa, ba ta ƙara ko kalma ɗaya a kan haƙƙinta ba. Amma ga maƙwabcina a tsaye yana ji, ga masu sayen kaya. Kuma na san ni ce mai laifi, mai laifi kuwa ya fi kowa saurin fushi. Na ce, "Wato kin ɗauka cinye miki zan yi?" Ta ce, "Subhanallahi, ni ban ce ba." Na ce, "Ai ba sai kin faɗa ba. Tun da aka fara rigimar nan kuke kallonmu a matsayin macuta. Za ki ga kuɗinki." Na kashe waya.

Na sayar da shinkafar, na haɗa da 'yan kunnena na zinariya. Na shiga mota na tafi Kano wajen mai canjin da muka saba, mutum ne da ya daɗe yana shiga tsakaninmu, ya san komai namu. Na biya shi da farashin sefa na ranar, ban rage ko sisi ba. Sannan na ɗora kuɗin turmi ɗaya a kai. Ya ƙirga, ya ɗaga kai ya ce, "Hajiya, wannan ai ciko ne. Har da shi?" Na ce, "Har da shi." Ya ce, "Hajiya, ki sake tunani." Na ce, "Aikinka aikawa ne. Ka ce mata ya cika cif."

A hanyar dawowa ina ta yaba wa kaina. Na ce yanzu ko yaƙin ya zo na mutu, ba mai bina komai, na tafi da wuyana a sake. Na ɗauko addini na lulluɓe girman kaina da shi. Ka kiyayi wannan, Nasiru, don ya fi kowane irin ruɗi wuyar ganewa.

Da yamma ta aiko mini da saƙon murya. Har yanzu yana cikin wayata. Ta ce, "Saƙo ya iso, Hajiya. Na ƙirga, na ga har da turmin. To, madalla. Allah shi saka da alheri, Allah shi sa mu gama lahiya." Shi ke nan. Ba zagi, ba kuka. Hajiya ta ce mini. Tun daren yoyon nan na Kano ba ta taɓa kirana Hajiya ba.

Da ta zage ni da na ji sauƙi. Jinkirin da na yi za ta iya yafewa, gorin wuta ma za ta iya mantawa. Amma turmin nan ita ta sa shi a hannuna, ta gaya mini dalilinsa da bakinta, ni kuma na mayar mata da shi ina sane. Duk ɗan kasuwar da ke tsakanin Maraɗi da nan ya san abin da hakan ke nufi. Ba biya na yi ba, sallamarta na yi.

An buɗe iyaka daga baya. Motoci suka ci gaba da wucewa, ga shi har kai za ka bi su. Manya suka koma gaisawa. Ni tawa iyakar tana nan a rufe, kuma ni na rufe ta. Da Salla na daure na kira ta. Ta ɗauka, ta amsa gaisuwa cikin mutunci, ta tambayi kowa da sunansa, ta yi mini addu'a. Irin gaisuwar da ake yi wa surukar maƙwabci. Na jira ta ce ina turmina, sai na tuna ba ta da turmin da za ta tambaya. Ni kuma bakina ya kasa furta abin da ya kamata. Can ta ce ana kiranta, muka yi sallama.

Yanzu a Kano nake saro kaya, kuɗi hannu. Ba mai bina, ba na bin kowa. Mutanen Wunti suna yabona a kan haka, suna cewa Hajiya ba ta da nauyin kowa. Ina dawowa gida bayan la'asar in zauna a tsakar gida, wayar tana kan tabarma, ba ta ƙara. Na lura da wani abu da ban sani ba da: waɗanda suke binka da waɗanda kake bi, su ne suke tambayar lafiyarka da gaske, don rayuwarsu tana ɗaure da taka. Har na kan yi tunanin ko abin da ya hana a gwabza ke nan, cewa kowane gefe yana da wake ko wuta ko kuɗi a hannun ɗayan. Ban sani ba, ni ba mai mulki ba ce. Na dai san abin da ya faru da ni da na warware tawa igiyar.

Kada ka juya maganata ka ce Inna ta ce a riƙa rage wa mutane kuɗi. Na san ku 'yan zamani, kuna ɗaukar rabin magana ku gudu da ita. Haƙƙin mutum a biya shi cikakke, a kan lokaci, tun bai buɗe baki ba. Ciko daban ne. Mai kaya ne yake bar maka shi da yardarsa, ba kai kake riƙewa ba. Ba kowa ake yi da shi ba, a rayuwa in ka sami mutum ɗaya ko biyu ka gode wa Allah. Kuma dole iyalinka su san da shi, don ranar da ka faɗi a san inda za a nufa. Idan Allah Ya haɗa ka da wanda ya tura maka ciko ya ce riƙe, ka riƙe da hannu biyu. Duk abin da rediyo zai faɗa, duk ɓacin ran da zai shiga tsakaninku, ku yi faɗanku ku gama, amma kada ka taɓa wannan.

Yanzu ga aiken da nake yi maka, kuma ba shawara ba ce, umarni ne.

Idan ka huta, ka yi wanka ka sa kayan kirki, ba wannan wandon naka mai matse ƙafa ba. Ka nemi shagonta a babbar kasuwa, layin masu atamfa, kowa ya san ta. Ka cire takalmi, ka durƙusa ka gaishe ta yadda ake gaida uwa. Kada ka kai mata tsarabar da za ta yi kama da biya. Kada ka ba ta haƙuri a madadina, ba kai ka yi laifin ba, kuma ba ta son dogon zance. Idan an gama gaisuwa, ka ce mata, "Inna ta ce a ba ta turmi ɗaya, babu kuɗi a hannunta." Iyakar abin da za ka faɗa ke nan. Za ta gane.

Idan ta faɗa maka farashi, ka sa hannu a aljihu ka biya, ka yi godiya ka tashi, kada fuskarka ta canza. Haƙƙinta ne. Ka kira ni ka gaya mini gaskiya, kada ka yi mini kwaskwarima don kana tausayina, na fi ƙarfin wannan.

Idan kuwa ta ɗauko ta miƙa maka ba ta ce komai ba, ko ta ce ka gaya wa 'yar Ingilishin nan ba ta da kunya, to ka karɓa ka ba direban da ke zuwa Bauchi. Kada ka zaɓa mata launi, ta san wanda ya dace da ni, kullum tana cewa ba ni da ido. Kuma kada ka kuskura ka biya wannan turmin, ko bayan shekara nawa, ko Allah Ya buɗa maka ka fi maigidanka. Ranar da aka fito da ni ƙofar gidan nan liman ya yi tambaya, ba na so a yi shiru. Da ina alfahari da cewa shirun za a yi, yanzu shi nake tsoro. Ina so ka miƙe ka ce, Hajiya Cima ta Maraɗi tana bin Inna turmi ɗaya. Sai ka kira ta. In ta ce a biya, ku biya kafin a ɗaga ni. In ta ce ta yafe, to na san ta yafe sauran ma.

Ka kula da salla a kan lokaci. Ka ci abinci, kada ka zauna da shayi da burodi kana cewa ka ƙoshi. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya sa albarka a cinikinka, Ya kau da fitina tsakanin ƙasar da ta haife ka da wadda za ta ciyar da kai. Allah Ya yi maka albarka, Ya dawo mini da kai lafiya.

Na gaya wa telan da ke kusa da shagona ya bar mini wuri, akwai ɗinkin da nake sa ran kawo masa. Ya tambaye ni yaushe, na ce ban sani ba tukuna.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarka,
Inna.